Yadda Za A Tunkari Cutar Tayirod Bisa Abin Da Sabon Bincike Ya Nuna

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai ɓangare biyu, dama da hagu, wadda likitoci ke kira tayirod. Nauyinta kimanin giram 20 ne ga babban mutum, amma sinadaran da take zubawa cikin jini, wato T4 da T3, su ne ke daidaita saurin aikin jiki, kama daga bugun zuciya da ɗumin jiki zuwa narkar da abinci, jinin al'ada da kaifin tunani. Idan ta kumbura ta fito fili, shi ne maƙoƙon da kowa ya sani. Sai dai mafi yawan masu matsalar tayirod ba a ganin komai a wuyansu, kuma mata sun fi maza kamuwa da ita nesa ba kusa ba.

Manyan binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan sun sauya yadda likitoci ke kallon wannan cuta. Sun nuna cewa akwai mutane da yawa da ake ɗora wa magani na tsawon rai, ko a yi musu tiyata, alhali ba su buƙata, yayin da wasu masu buƙata ta gaske ba sa cin moriyar maganinsu saboda ba sa shan sa yadda ya dace. Don haka majinyaci yana da rawar da zai taka tun daga ranar gwaji, kuma yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya amince da kowane mataki.

A fara da gwaji, kuma a maimaita shi

Alamomin raunin tayirod su ne kasala, jin sanyi fiye da kima, ƙiba ba tare da ƙarin cin abinci ba, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida da yawan jinin al'ada. Idan kuma aikinta ya yi yawa, sai a ga rama duk da yawan ci, zufa, rawar hannu, saurin bugun zuciya, rashin barci da saurin fushi. Duk waɗannan alamomi ana samun su a wasu cututtuka, don haka gwajin jini kaɗai ke raba gardama.

Gwajin farko shi ne na TSH, wani sinadari da ke fitowa daga wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa shi ne umartar tayirod ta yi aiki. Kamar mai gida ne da ke ɗaga murya idan ɗan aiki ya yi sanyin jiki, ya yi shiru idan aikin ya wuce kima. Saboda haka hauhawar TSH tana nuna raunin tayirod, faɗuwarsa kuma tana nuna aikinta ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji, adadin da ake ɗauka daidai ne yana tsakanin 0.4 da 4.0, ko da yake iyakar sama tana ƙaruwa da shekaru, ta yadda dattijon da ya haura 80 zai iya samun 6 ko 7 ba tare da wata cuta ba.

Idan TSH ya ɗan hau amma T4 yana daidai, kada a fara magani kan gwaji ɗaya. A sake shi bayan wata biyu zuwa uku, domin sau da yawa yana komawa daidai da kansa, musamman idan an ɗebi jinin lokacin da mutum yake fama da wata rashin lafiya ko yake murmurewa daga ita. Kafin a ɗebi jini, a sanar da likita duk abin da ake sha. Ƙwayar biotin da ake sha don gyaran gashi da farce tana iya rikita na'urar gwaji, ta nuna TSH ƙasa da T4 sama, har a zaci mutum yana da cutar da ba shi da ita. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan biotin a shekarar 2017, kuma shawarar masana ita ce a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin gwaji. Maganin zuciya amiodarone, da lithium da ake bai wa masu wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, da sababbin magungunan ciwon daji masu zaburar da garkuwar jiki, su kuwa suna taɓa tayirod ɗin kanta, don haka mai shan su yana buƙatar gwaji akai-akai.

Idan tayirod ta yi rauni

Inda ake samun isasshen aidin a abinci, wato sinadarin da tayirod ke buƙata don ƙera T4 da T3, babban abin da ke raunana tayirod shi ne cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tayirod sannu a hankali. Idan TSH ya hau kuma T4 ya faɗi, babu ja-in-ja, mutum yana buƙatar levothyroxine, wato T4 na ƙwaya, kuma galibi har ƙarshen rayuwarsa. Inda ake taƙaddama shi ne matsakaicin hali, wato TSH ya ɗan hau amma T4 bai faɗi ba.

A nan ne binciken da ake kira TRUST ya yi tasiri. An buga shi a 2017, an kuma gudanar da shi a Sikotilan, Ailan, Holan da Suwizalan kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama da ke cikin wannan matsakaicin hali. An ba rabinsu levothyroxine, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da magani. Bayan shekara guda, TSH na masu shan maganin ya sauko, amma gajiyarsu da sauran alamominsu ba su bambanta da na ɗaya rukunin ba. Wani abin lura kuma, kusan uku cikin biyar na waɗanda aka tantance tun farko ba su ma shiga binciken ba, domin da aka sake gwada su TSH ɗinsu ya riga ya koma daidai. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2019 ta ce a duba yiwuwar ba da magani idan TSH ya kai 10 ko ya wuce a gwaji biyu da ke da tazarar wata uku. Wanda bai kai shekara 65 ba, yana da alamomi amma TSH ɗinsa bai kai 10 ba, ana iya gwada masa magani na wata shida, idan bai ji sauƙi ba a sake nazari. A ganina wannan sharaɗi na wata shida shi ne abin da aka fi mantawa da shi, sai mutum ya shekara goma yana shan ƙwayar da ba a taɓa tambayar ko ta amfane shi ba. Kuma maganin da ya wuce buƙata yana da illa, domin yana jawo rikicewar bugun zuciya da zaizayewar ƙashi, musamman ga tsofaffi da matan da suka daina al'ada.

Wanda ya tabbata yana buƙatar maganin, to yadda yake shan sa shi ne rabin jinyar. Babban mutum mai ƙoshin lafiya yakan buƙaci kimanin maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, amma tsoho ko mai ciwon zuciya ana fara masa da kaɗan, 25 zuwa 50, a riƙa ƙarawa a hankali. A sha shi da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Kofi yana rage shigarsa jini idan an haɗa su. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ta kalsiyam, da wasu magungunan ƙwannafi, suna riƙe shi a hanji, don haka a bar tazarar awa huɗu tsakaninsu. Wanda safiya ba ta yi masa daidai ba yana iya sha lokacin kwanciya barci, matuƙar an yi kamar awa uku da cin abincin dare, kuma wani bincike da aka yi a Holan aka buga a 2010 ya nuna shan dare bai gaza na safe ba. A ajiye ƙwayoyin nesa da zafi da danshi. Maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, shi ya sa ba a sake gwaji sai bayan mako shida zuwa takwas da fara sha ko sauya adadi. Idan aka canza daga samfurin wani kamfani zuwa na wani, yana da kyau a sake gwaji bayan wannan tazara.

Akwai wasu, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, da ke ci gaba da jin kasala duk da TSH ɗinsu ya daidaita. Kokensu na gaskiya ne, bai kamata a yi watsi da shi ba. An yi gwaje-gwaje fiye da goma kan haɗa levothyroxine da liothyronine, wato T3 na ƙwaya, kuma a dunƙule ba su nuna fifiko tabbatacce ba. Ƙungiyoyin masana tayirod na Amurka, Birtaniya da Turai sun fitar da matsaya ɗaya a 2021 cewa ana buƙatar sababbin gwaje-gwaje da aka tsara musamman kan masu irin wannan koke. Matakin farko ga mai wannan hali shi ne a duba masa ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar barci da ciwon damuwa. Idan babu ko ɗaya, to gwajin haɗin magungunan biyu sai a hannun ƙwararren likita.

Mai ciki da mai neman haihuwa

A watannin farko na ciki, ɗan tayi ya dogara ne kacokan kan sinadarin tayirod na uwa wajen ginuwar ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka matar da take shan levothyroxine kada ta dakatar da shi don ta samu ciki. Buƙatarta ƙaruwa ma take yi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma shawarar ƙungiyar masana tayirod ta Amurka ita ce da zarar ciki ya tabbata ta ƙara ƙwaya biyu a mako, ta sanar da likita nan take, a riƙa gwada ta kusan kowane mako huɗu har zuwa tsakiyar ciki. Ya fi kyau a tsara wannan da likita tun kafin a samu cikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buƙatar aidin ta babban mutum a maikirogiram 150 a rana, ta mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Aidin da ya wuce kima, irin wanda ke cikin wasu ƙwayoyin ciyawar teku, shi ma yana rikita tayirod.

Matar da tayirod ɗinta ke aiki daidai amma aka ga alamar garkuwar jiki mai yaƙar tayirod a jininta, kuma tana fama da ɓari ko jinkirin haihuwa, an daɗe ana ba ta levothyroxine da fatan zai taimaka. Binciken TABLET na Birtaniya da aka buga a 2019 kan mata 952 ya nuna kashi 37.4 na masu shan maganin sun haifi ɗa mai rai, waɗanda ba su sha ba kuma kashi 37.9. Abin da ya dace da irin wannan mata shi ne a sa ido kan TSH ɗinta lokacin ciki, a kuma ci gaba da neman ainihin dalilin ɓarin. Bayan haihuwa kuma, kimanin mace ɗaya cikin ashirin tana samun kumburin tayirod a shekarar farko, wanda ake yawan ɗauka gajiyar jego ce kawai.

Idan aikinta ya yi yawa

Mafi yawan lokuta cutar Graves ce, inda garkuwar jiki ke ƙera wani sinadari da ke ingiza tayirod ba ƙaƙƙautawa. Hanyoyin magani uku ne: ƙwaya, aidin mai tururin nukiliya, wanda Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston a 1941, da kuma tiyata. Hanyoyi biyun ƙarshe galibi suna barin mutum da shan levothyroxine har abada, don haka ya kamata ya san haka kafin ya zaɓa.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a sha carbimazole ko methimazole, ƙwayoyin da ke rage aikin tayirod, na wata 12 zuwa 18 sannan a dakata, kuma kusan rabin majinyata cutar kan dawo musu. Wani bincike da Fereidoun Azizi da abokan aikinsa suka yi a Iran, aka buga a 2019, ya kwatanta wannan da ci gaba da shan ɗan ƙaramin adadi na shekara biyar zuwa goma. Cikin shekara huɗu da dakatar da magani, cutar ta dawo wa kashi 53 na rukunin farko, amma kashi 15 kacal na masu dogon sha. Saboda haka wanda cutar ta dawo masa yana da damar tambayar likita game da wannan zaɓi kafin a kai ga cire tayirod. Kafin a dakatar da ƙwaya kuma, a nemi gwajin TRAb, wato sinadarin nan na garkuwar jiki da ke ingiza tayirod, domin idan har yanzu yana sama, dawowar cutar ta fi kusa.

Gargaɗi ɗaya ya wajaba kowane mai shan waɗannan ƙwayoyi ya haddace. Idan zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki ya same shi, ya dakatar da maganin, ya je a ƙirga masa fararen ƙwayoyin jini a ranar, domin a cikin mutum biyu zuwa biyar cikin dubu maganin yana rusa su, kuma jinkiri yana iya kai wa ga rasa rai. Haka nan idan idanu suka yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, alamar hanta ta taɓu ke nan. Mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun da wuri, saboda a wata ukun farko na ciki an fi son wata ƙwayar daban, propylthiouracil. Aidin mai tururin nukiliya ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma bayan an sha shi a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata shida.

Cutar Graves tana taɓa idanu, su firfito, su yi ja, wani lokaci mutum ya riƙa gani biyu-biyu. Shan taba yana tsananta wannan ƙwarai, barin ta kuwa shi ne babban taimakon da mutum zai yi wa idonsa. Ga mai matsala mai sauƙi, wani binciken Turai na 2011 ya nuna amfanin selenium, maikirogiram 100 sau biyu a rana na wata shida, ko da yake an yi shi ne a yankunan da sinadarin ya yi ƙaranci a abinci. Ga mai tsanani, Amurka ta amince da wani magani mai suna teprotumumab a Janairun 2020, bayan gwajin da ya nuna firfitowar ido ta ragu da aƙalla milimita biyu ga kashi 83 na waɗanda aka yi wa, idan aka kwatanta da kashi 10 na ɗaya rukunin. Ana ƙara shi ta jijiya sau takwas, yana iya taɓa ji ya kuma ɗaga sugan jini, don haka a gwada ji kafin farawa.

Idan an ga ƙullutu

Idan aka ɗauki hoton wuyan manyan mutane da na'urar sikanin, za a ga ƙullutu a tayirod ɗin kusan rabinsu, kuma kusan tara cikin goma ba ciwon daji ba ne. Koriya ta Kudu ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan aka shiga neman abin da bai dami mutum ba. Da ɗaukar hoton wuya ya yawaita a can, adadin masu ciwon dajin tayirod da aka gano a 2011 ya ninka na 1993 sau goma sha biyar, aka yi wa dubbai tiyata, amma adadin masu mutuwa da cutar bai sauya ba. Don haka wanda ba shi da wata alama, kuma babu tarihin cutar a danginsa ko tarihin haska wuyansa da tururin nukiliya yana yaro, ba ya buƙatar neman wannan hoto.

Idan an riga an ga ƙullutun, a gwada TSH, sannan a tambayi mai ɗaukar hoto matakin haɗarin da ya ba shi, domin akwai ma'auni irin su TI-RADS da ke duba siffa da girma su fayyace wanda ya cancanci a zuƙo samfurinsa da siririyar allura da wanda za a bari a riƙa dubawa. Ƙullutu mai tauri da ke girma da sauri, dusashewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya ko numfashi, da kumburin ƙaluluwa a gefen wuya, waɗannan ba a jinkirta su.

Ko da an tabbatar ciwon daji ne, ba kowanne ke buƙatar gaggawa ba. Wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe a Japan ya fara, tun 1993, bibiyar masu ƙaramin ciwon daji nau'in papilari da bai wuce santimita ɗaya ba, maimakon yi musu tiyata nan take. Cikin shekara goma, kusan kashi 8 ne kawai ciwon ya ƙaru da milimita uku ko fiye, kuma waɗanda aka yi wa tiyata daga baya sun samu sakamako mai kyau. Wannan hanya ta dace ne da wanda zai iya zuwa a duba shi a kan lokaci, kuma ciwon ba ya jingine da maƙogwaro ko jijiyar murya. Ƙa'idar masanan Amurka ta 2015 ta amince a cire ɓangare ɗaya kawai idan ciwon mai ƙaramin haɗari ne kuma bai wuce santimita huɗu ba. Binciken ESTIMABL2 na Faransa da aka buga a 2022 ya nuna cewa masu ƙaramin haɗari da aka cire wa tayirod gaba ɗaya, kusan kashi 96 sun kai shekara uku lafiya, ko an ba su aidin mai tururin nukiliya ko ba a ba su ba.

Wanda za a yi wa tiyata ya tambayi likitan sau nawa yake yin irinta a shekara, domin wani bincike a Amurka ya nuna matsaloli sun fi ƙaranci a hannun masu yin fiye da 25. Manyan matsalolin su ne taɓuwar jijiyar murya da faɗuwar kalsiyam, wanda ke zuwa da jin ƙaiƙayi ko dindiris a leɓe da yatsu a kwanakin farko, kuma a sanar da asibiti da zarar an ji shi. Ga 'yan kaɗan da ciwonsu ya bazu ya ƙi jin aidin, a nemi a binciki ƙwayoyin halittar ciwon, saboda yanzu akwai magungunan da aka ƙera don wasu sauye-sauye na musamman: selpercatinib, wanda aka amince da shi a 2020 ga masu sauyin RET, da haɗin dabrafenib da trametinib, wanda aka amince da shi a 2018 ga nau'in anafilastik mai sauyin BRAF. Wannan nau'in na ƙarshe yana girma cikin makonni, don haka a nemi gwajin BRAF tun ranar da aka fara zarginsa.